Ciwon Jego Wanda Ruwan Zafi Ba Ya Warkarwa

A ƙasar Hausa da wuya a sami wanda a ke tattalinsa kamar maijego. Tun kafin ta sauka an tara itace, an tanadi babbar tukunya. Da ta sauka lafiya, safe da maraice ana yi mata wanka da ruwan zafi da ganyen runhu ko na darbejiya, ana dama mata kunun kanwa, ana gasa mata nama a barbaɗe da yaji. In haihuwar fari ce, galibi a gidan iyayenta za ta yi wankan, ba za ta komo ɗakinta ba sai ta yi arba'in. Tsofaffi suna kanta: wannan ta duba nono ko ya kawo, waccan ta duba cibiyar jariri ko ta faɗi, wata ta tambaya ko jini ya ɗauke. Duk wadda ta shigo barka sai ta ce, "Yaya ruwan zafi?" Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhamdu lillahi."

Ba mu da abin cewa game da wannan tattali sai yabo, in ban da yawan zafin ruwa da yawan kanwa, waɗanda likitoci suka daɗe suna gargaɗi a kansu. Amma akwai wuri guda wanda duk idanun nan ba su cika kaiwa gare shi ba, watau hankalin maijego da abin da ke cikin ranta. Game da wannan mu ke so mu yi magana da ku yau, musamman ku malaman makaranta da akawuna, domin a unguwanni da ƙauyuka da yawa ku a ke tambaya in abu ya rikice, kuma maganarku ce ta kan raba gardama, ko a tafi asibiti ko a zauna gida.

Bari mu kawo misali wanda ba mu tsammanin zai zama baƙo ga kowa. Yarinya ta yi haihuwar fari, an yi suna, taro ya watse. Bayan mako uku ko huɗu sai aka ga ta yi shiru. A kawo mata abinci ta tsakura ta ture. Jariri ya yi ta kuka a gefenta, ita tana kallon bango. Da dare kowa ya yi barci, har jaririn, ita idonta biyu. Tsofaffi suka ce, "Kai, wannan yarinya akwai kunya, ko kallon ɗan fari ba ta yi." Miji ya zo gaida surukai, ya ba da kuɗin itace, ya leƙa ya ce yaya jiki, ta ce da sauƙi, ya koma wurin aikinsa hankali kwance. Kowa ya yi abin da al'ada ta ɗora masa, amma yarinyar nan ba ta da lafiya, ba kuwa wanda ya sani.

YAWAN ABIN

Wani zai ce ai wannan abu ne na jefi-jefi. To, ga lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya, cikin mata 100 masu ciki wajen 10 suna fama da wata larura ta hankali, cikin masu jego 100 kuwa wajen 13, galibinsu ciwon damuwa ne. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu abin ya fi haka: wajen 16 cikin 100 lokacin ciki, wajen 20 cikin 100 bayan haihuwa. Watau mace 1 cikin 5 ke nan. In aka bi wannan lissafi, malamin da ke da yara 50 a ajinsa ya iya ɗauka cewa wajen 10 daga cikinsu uwayensu sun ɗanɗani wannan wahala sa'ad da suka haife su.

Ba kuwa sabon ciwo ba ne. Tun cikin 1858 wani likita Bafaranshe, Louis-Victor Marcé, ya rubuta littafi sukutum game da rikicewar hankalin mata masu ciki da masu jego da masu shayarwa. An daɗe ana cewa ciwon matan Turawa ne, wai matan Afirka dangi sun kewaye su, ba abin da zai dame su. Amma wani likita Baturen Ingila, John Cox, ya yi bincike a Uganda cikin shekarun 1970, ya tarar matan can ma suna kamuwa da shi. Shi ne kuma, tare da abokan aikinsa a birnin Edinburgh, suka fito da wata takarda mai tambayoyi 10 cikin 1987, wadda ungozoma za ta iya karanta wa maijego cikin minti biyar ta gane ko akwai alamar ciwon. An fassara takardar nan cikin harsuna da yawa, ana aiki da ita a ƙasashe da dama har yau.

IRI UKU NE, KADA A CAKUƊA SU

Na fari shi ne ƙuncin kwanakin farko. Rabin masu jego ko fiye su kan same shi. Ya kan zo tsakanin kwana 3 da kwana 5 da haihuwa, daidai lokacin da gida ke cike da hidimar suna. Mace ta yi ta hawaye ba ta san dalili ba, ƙaramin abu ya ɓata mata rai, jim kaɗan kuma ta yi dariya. Wannan ba ciwo ba ne sosai, ya kan wuce da kansa kafin mako 2. Maganinsa barci da abinci da magana mai daɗi.

Na biyu shi ne ciwon damuwa, shi ne kuwa ya fi yawa cikin waɗanda ke bukatar magani. Alamarsa ita ce baƙin ciki ya zauna, ya wuce mako 2 bai gushe ba. Abin da da ta ke jin daɗinsa, hira ko kwalliya ko zumunci, duk ya fita kanta. Barci ya ƙi zuwa ko da jariri ya yi barci. Abinci ba ɗanɗano. Ta riƙa ganin kanta ba ta da amfani, ba ta iya uwa ba, ita ce nauyi a gidan. In ya yi tsanani har ta fara tunanin gara ta mutu ta huta. Ya kan iya tasowa ko yaushe cikin shekarar farko bayan haihuwa, sau da yawa kuma tun da cikin ya ke farawa, sai a ce laulayi ne. A ƙasarmu mata ba su cika cewa "ina baƙin ciki" ba. Abin da za a ji shi ne kai yana zafi, gaba yana faɗuwa, jiki ba ƙarfi, wani abu yana yawo a jiki. Sai a yi ta ba da maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, ciwo yana nan inda ya ke.

Tare da shi akwai fargaba mai yawa. Wata ba za ta iya runtsawa ba don tsoron kada numfashin jariri ya ɗauke. Wata kuma mugun tunani ne ke faɗo mata, kamar ta ga ɗan ya suɓuce daga hannunta, ta firgita, ta ɓoye abin don kada a ce ta haukace. Irin wannan waswasi da mace ke ƙyama, tana gudunsa, ba hauka ba ne, yana kuwa jin magani. Haka kuma wadda ta sha doguwar naƙuda, ko ta haifi ɗa ba rai, abin ya kan riƙa dawo mata a farke da cikin mafarki.

Na uku shi ne taɓin hankali na jego. Wannan bai da yawa, mace 1 ko 2 cikin 1,000 ya ke samu, amma shi ya fi haɗari. Ya kan faɗo farat ɗaya, galibi cikin mako 2 na farko. Mace ta yi kwana biyu ko uku ba barci, ta yi ta surutu ba kan gado, ta rikice ba ta san safe ba ta san dare ba, ta ji muryoyin da ba wanda ke ji, ko ta ce an musanya mata ɗa, ko ta ce ana so a kashe ta. Da safe a ga kamar ta warware, da la'asar abin ya dawo, shi ya sa ya ke yaudarar mutanen gida. Wannan ba a kwana da shi. Ran da aka gani, ran nan za a kai ta asibiti, kada kuma a bar ta ita kaɗai da jariri ko na ɗan lokaci. Wani dalilin gaggawa kuma, zazzaɓin da ƙwayoyin cuta ke kawowa bayan haihuwa, da ciwon jijjiga mai tafiya da hawan jini, su ma su kan rikita hankali kamar haka, kowannensu kuwa yana iya kisa cikin kwana kaɗan. Likita ne kaɗai zai iya rarrabe su.

ME KE KAWO SHI?

Sashe daga jiki ne. Lokacin ciki mabiyiya tana zuba waɗansu sinadarai cikin jinin mace, yawansu ya ninka na kullum sau da yawa. Da mabiyiya ta faɗo, cikin 'yan kwanaki sai su sauka ƙasa gaba ɗaya. Ƙwaƙwalwar waɗansu mata ta kan jure wa wannan saukar, ta waɗansu kuwa ta kan girgiza. A haɗa da rashin barci, da ƙarancin jini, wani lokaci da rikicewar halittar nan ta maƙogwaro wadda in ta kumbura a ke ce da ita maƙoƙo. Akwai kuma gado. Wadda ta taɓa yin ciwon damuwa a baya ta fi saurin kamuwa. Wadda ta taɓa yin taɓin hankali na jego, wajen rabin irinsu ya kan dawo musu a wata haihuwar in ba a yi shiri ba. Haka wadda ke da ciwon nan mai sa mutum wani lokaci ya yi ta zumuɗi da surutu ba barci, wani lokaci kuma ya faɗa cikin baƙin ciki, haɗarinta ya fi na sauran mata nesa ba kusa ba.

Sashe kuwa daga zaman gida ne, nan ne mu maza ya kamata mu kasa kunne. Binciken da aka tattara daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya nuna ciwon ya fi kama matan da ke cikin talauci, da waɗanda suka yi ciki da ƙuruciya, da waɗanda cikin ya zo musu ba shiri, da waɗanda miji ke duka ko zagi, da waɗanda ba su jituwa da dangin miji, da waɗanda suka haifi mace a inda a ke ɗokin namiji. Binciken nan dai ya nuna abin da ke kāre mace, cikinsu har da ilimi, da miji mai kirki wanda ta amince da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ABIN DA KE ƁOYE SHI A WURINMU

Abu na fari kunya. Al'adarmu ta hana uwa nuna ƙauna ga ɗan fari a gaban mutane, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa. Sabo da haka wadda ta kau da kai don kunya da wadda ta kau da kai don ciwo, a ido duk ɗaya su ke. Bambancin shi ne mai kunya tana ci, tana barci, tana hira da ƙawayenta, in ba kowa a ɗakin ta kan rungumi ɗanta. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Na biyu haƙuri. Tun tana ƙarama aka hore ta kada ta yi raki, ko a naƙuda kada a ji muryarta. In ta buɗe baki ta ce ranta ba daɗi, sai a ce, "Ke da Allah Ya ba ki ɗa lafiyayye, wannan ai butulci ne." Daga nan ta kama bakinta. Ciwon damuwa ba rashin godiya ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ba raunin imani ba ne.

Na uku zargi. In hankalin maijego ya rikice, kafin a ce likita an ce iska ce ta buge ta, ko an yi mata sammu, sai ido ya koma kan kishiya ko maƙwabciya. Gidaje nawa suka watse ta haka? Ana nan ana turare da rubutu da tsaface-tsaface, wani wurin har da ɗauri da bulala, kwanaki suna wucewa. Ba mu hana kowa addu'a ba, malamai kuwa sun sha gaya mana neman magani ba ya kore tawakkali. A yi addu'a a bisa hanyar asibiti.

Jinkirin nan yana da tsada. Binciken da aka yi a Indiya da Pakistan ya nuna 'ya'yan matan da ke fama da ciwon damuwa sun fi zuwa da ƙarancin nauyi, sun fi tsumburewa. Uwar da ba ta da kuzarin kanta, da wuya ta jure wa shayarwa da kai yaro allurar rigakafi. A Ingila, inda a ke bin diddigin mutuwar kowace mai ciki da maijego, an tarar kashe kai yana sahun gaba cikin abubuwan da ke halaka mata tsakanin mako 6 da shekara 1 bayan haihuwa. Allah Ya kiyaye.

AKWAI MAGANI

A zamanin En'e, sau da yawa gidan yari ne makomar mai taɓin hankali, tsoron asibitin ƙwaƙwalwa da ke zukatan mutane har yau daga can ya samo asali. Amma tun cikin 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna wata hanya a Aro, kusa da Abeokuta. Sai ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da wani ɗan'uwansa mai jinyarsa, suna zuwa asibiti da rana suna karɓar magani. Duniya ta yaba da wannan dabara, domin ta nuna dangi ma rabin magani ne. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 kuwa an ajiye ta. Cikin Janairu 2023 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta tanadi haƙƙoƙin masu wannan larura.

Ciwon damuwa mara tsanani sau da yawa ba ya bukatar ƙwaya, magana ce maganinsa, amma magana mai tsari. A ƙauyukan Rawalpindi ta Pakistan, Farfesa Atif Rahman ya koya wa mata ma'aikatan lafiya na ƙauye yadda za su riƙa ziyartar masu ciki da ke da ciwon, su saurare su, su taimake su sauya tunanin da ke danne su, su jawo miji da uwar miji cikin kulawa. Da aka bayyana sakamakon cikin 2008, sai aka ga bayan wata 6 da haihuwa, cikin 100 da aka yi wa haka 23 kaɗai ke da sauran ciwon, cikin 100 da ba a yi wa ba kuwa 53. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da wannan hanya littafin koyarwa cikin 2015. A nan gida ma, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya gwada irin wannan aiki ta hannun ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci a Jihar Oyo, sakamakon da ya fito cikin 2019 ya nuna wajen 2 cikin 3 na matan sun warware cikin wata 6 da haihuwa. Ashe ba sai an jira babban likita ba kafin a fara.

In ciwon ya yi nauyi akwai ƙwayoyi, waɗansunsu mace tana iya sha tana shayarwa. A kan yi mako 2 zuwa 4 kafin a ga amfaninsu, sabo da haka kada a yar da su a ce ba su yi ba. Wadda ta ke shan maganin ƙwaƙwalwa tun da, in ta sami ciki kada ta daina da kanta, kada kuma ta ci gaba ba shawara, domin akwai irin su valproate da ke lahanta ɗan tayi. Ta gaya wa likita tun farkon awo. Taɓin hankali na jego kuwa, duk da ban tsoronsa, galibin mata su kan warke sarai in an yi magani, su koma su reni 'ya'yansu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ban da sassan da ke cikin asibitocin koyarwa na Kano da Shika.

ABIN DA MU KE ROƘONKU

Na ɗaya, ku fara daga gidajenku. In iyalinka tana da ciki ko tana jego, ka sami lokacin da ba kowa, ka tambaye ta yadda ta ke barci da yadda ranta ya ke, sa'an nan ka yi shiru ka saurara. Kada ka yi mata wa'azi, kada ka ce ai kowace mace haka ta ke yi. Ka nemi wadda za ta riƙe mata jariri ta sami barcin sa'a huɗu ko biyar a jere.

Na biyu, ku riƙe alamomi uku. Baƙin ciki ya wuce mako 2, a je asibiti cikin makon nan. Rikicewa, ko jin muryoyi, ko kwana biyu ba barci sam, a je yau. Ta ambaci mutuwa, ko cutar da kanta, ko cutar da jariri, a je yanzu, a kawar da wuƙa da maganin ƙwari da igiya, a rufe rijiya, a zauna tare da ita. Tambayar mace ko tana tunanin mutuwa ba ta sa mata tunanin, sau da yawa ma sauƙi ta ke ji da an tambaya.

Na uku, in an je awo a faɗi gaskiya. In ta taɓa yin irin wannan ciwo, ko uwarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yi, a gaya wa ungozoma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na huɗu, ku yi magana da tsofaffi cikin ladabi, domin su ne ke tare da maijego dare da rana, su za su fara ganin canji in sun san abin da za su duba. Ku kuma tsawata wa masu jingina abin ga kishiya, ku hana a saki mace ko a raba ta da ɗanta don ciwon da ke da magani. Ku da ke aiki a ma'aikatun ƙananan hukumomi, ku yi ƙoƙari a koya wa ungozomomi tambayoyin nan 10, su riƙa yin su ranar awo da ranar rigakafi.

Kakanninmu sun ba mu kwana arba'in na kula da maijego, abin da ƙasashe da yawa ba su da shi. Itace da kanwa da nama duk mun iya tanadinsu. Abin da ya rage shi ne in mun tambayi ruwan zafi, mu ƙara da tambayar barci da kwanciyar rai, mu kuma tsaya mu ji amsa. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu jego lafiyar jiki da ta hankali, Ya raya abin da aka samu. Amin.